Outskirts, Suburb, Slum: Shin Duka "Bayan Gari" Suke Nufi?

Me ya sa Bature ya tanadi kalmomi fiye da goma don gefen gari, mu kuma in mun tashi fassara sai mu ɗura su duka cikin "bayan gari"? Tambayar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma labarai uku ne suka ƙara tayar mini da ita. A daren 5 ga Yuli, 2022 aka kai hari gidan yarin Kuje, jaridun Turanci suka ce abin ya auku a "outskirts" na Abuja. Ranar 27 ga Satumba, 2024 Isra'ila ta kashe shugaban Hizbullah, Hassan Nasrallah, aka ce a "southern suburbs" na Beirut ne. Sannan duk lokacin zaɓen Amurka sai ka ji masu sharhi sun nace cewa ƙuri'un "suburban women" ne za su raba gardama.

Kuje gari ne mai zaman kansa, da kasuwarsa da sarkinsa, akwai gonaki da fili tsakaninsa da tsakiyar Abuja. Inda aka kashe Nasrallah kuwa dogayen benaye ne manne da juna, cike da jama'a, ba ka ma gane inda Beirut ta ƙare suka fara. Matan Amurka da ake magana kuma yawancinsu masu rufin asiri ne, kowace da motarta a ƙofar gida. In ka ce wa mai sauraro dukansu "bayan gari" ne, ka ba shi hoto ɗaya a inda ake da hotuna uku, kuma biyu daga ciki ba daidai ba ne.

Abin da Bahaushe ke gani in an ce bayan gari

Kalmarmu ta tashi ne a garin da ke da ganuwa. A Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, aka fara gina badala, kuma ɗaruruwan shekaru rayuwa ta rabu gida biyu: akwai cikin birni, akwai waje. Da dare a rufe ƙofofi. Abin da ke bayan badala shi ne gonaki, da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, da juji, da filin idi, da masaukin fatake. Har yau in aka ce wane ya zaga bayan gari, kowa ya san lalurar da ta kai shi. Saboda haka kalmar tana ɗauke da hoton wurin da gidaje suka ƙare, mutane suka yi ƙaranci, idon hukuma ya yi nisa.

Ba kuma wai Hausa ta rasa wasu kalmomin ba ne. Muna da gefen gari, da bakin gari, da wajen gari, da kewaye kamar yadda ake cewa "Kano da kewaye". Muna da unguwa, da ƙauye, da karkara, da zango, da sabon gari, da tudun wada. Gaggawar ɗakin labarai ce kawai ke sa hannu ya riƙa kaiwa ga kalma ɗaya kullum.

Kalmomin da ke auna wuri kawai: outskirts, edge, fringe, periphery

Waɗannan su ne masu sauƙi. "Outskirts" ta fito daga "skirt", wato siket ɗin nan da mata ke sawa. Tun da can kalmar tana kuma nufin bakin tufa, kamar yadda za mu ce bakin zane. Turawa suka ɗauki gari kamar riga, suka kira inda ya ƙare bakinsa. Ana amfani da ita tun ƙarshen ƙarni na 16, kuma kusan kullum da "s" a ƙarshe take zuwa. Ba ta gaya maka ko masu kuɗi ne a wurin ko talakawa. Abin da take cewa shi ne, in ka ƙara gaba kaɗan ka fita daga gari. Wanda ya taɓa shiga mota daga Kano zuwa Zariya ya san wurin: inda shaguna suka fara tazara, gidajen mai da masu yankan bulo da kangwayen da ba a rufa ba suka maye gurbinsu, sannan ka fara hango karan dawa. Wannan ita ce ta fi kusa da gefen gari ko wajen gari, kuma a nan "bayan gari" ba ta yi laifi ba.

"Edge" baki ne kawai, kamar bakin wuƙa ko bakin kogi. "Fringe" ita ce geza, zaren da ke reto a bakin mayafi ko darduma. Ana cewa "urban fringe" ga inda gari da gona suka cakuɗe, amma an fi jin ta a siyasa da addini, inda "fringe group" ke nufin 'yan tsirarun da ra'ayinsu ya yi nisa da na jama'a. "Periphery" daga Girkanci take, asalinta layin da ya zagaye da'ira, kuma kalmar malaman jami'a ce da masu tsara birane. Idan masanin tattalin arziki ya kira wata ƙasa "periphery", ba taswira yake karantawa ba, yana nufin ita ke tura ɗanyen kaya wasu su sarrafa su ci riba. Akwai kuma "environs", aro daga Faransanci, wadda ta yi daidai da "kewaye" ɗinmu ba ragi ba ƙari.

Suburb: kalmar da ta sauya riga

A nan ruɗanin yake, don haka bari mu daɗe. Asalinta Latin ne: "sub" wato ƙarƙashi ko dab da, sai "urbs" wato birni. Ta shiga Turanci a ƙarni na 14, kuma abin mamaki shi ne a lokacin ma'anarta ta yi kama da bayan garinmu sosai. Landan ma tana da ganuwa. Sana'o'in da ake ƙyamar warinsu, irin su jima, da gidajen wasan kwaikwayo da na mashaya da na karuwai, duk a waje suke, musamman a Southwark da ke tsallaken kogin Thames, inda hannun mahukuntan birni bai cika kaiwa ba. Mai mutunci a ciki yake kwana.

Masana'antu da jirgin ƙasa ne suka juya lamarin. A ƙarni na 19 tsakiyar biranen Ingila ta cika da hayaƙin kwal da cunkoso da kwalara. Da aka shimfiɗa layukan dogo, ciki har da na ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya da aka buɗe a Landan a 1863, sai mai hali ya ga zai iya aiki a birni ya kwana a inda iska ke da kyau. Talaka da ba shi da kuɗin jirgi kullum shi aka bari a ciki. Daga nan "suburb" ta tashi daga wurin da ake tura abin da ba a so, ta koma wurin da ake gudu a tsira.

Amurka ce ta kai abin maƙura. Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo gida, gwamnati ta sauƙaƙa musu rancen sayen gida. Wani kamfanin gine-gine na iyalan Levitt ya sayi gonakin dankali a Long Island, kusa da New York, ya gina gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, kusan duk fasali ɗaya, aka kira wurin Levittown. A 1956 aka yi dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, mota ta zama ƙafar kowa. Sai dai akwai abin da bai kamata a tsallake ba: takardun gidajen Levittown sun hana sayarwa ko ba da haya ga wanda ba farar fata ba. Fararen fata suka yi ta ƙaura zuwa waje da kuɗin harajinsu, baƙaƙe suka rage a tsakiya da makarantu da asibitocin da ke lalacewa. Sai a 1968 aka yi dokar tarayya da ta haramta wariya wajen sayar da gida ko ba da haya. Shi ya sa a bakin Ba'amurke "inner city", wato tsakiyar birni, ta daɗe tana nufin talauci, "suburb" kuma tana nufin rufin asiri. In ka duba, wannan kishiyar tunaninmu ne, mu da muka saba ganin ɗan cikin birni shi ne ɗan asali.

Yau sama da rabin Amurkawa a irin waɗannan unguwanni suke zaune, kuma sun cakuɗa fiye da da, akwai baƙaƙe da 'yan asalin Asiya da na Latin Amurka da yawa. Dalilin da ya sa 'yan siyasa ke zawarcinsu ke nan: manyan birane sun fi karkata ga jam'iyyar Democrat, karkara ga Republican, su kuwa na tsakani suna iya juyawa. Wanda ya fassara "suburban women" da "matan bayan gari" ya sa mai sauraro a Gumel ko Maraɗi ya hango mace da tulu a ka, alhali ana maganar ma'aikaciyar banki ce ko malamar asibiti.

Ko a cikin masu Turancin ma ba a haɗu a kan ma'ana ɗaya ba. A Ostireliya da Afirka ta Kudu kusan kowace unguwar zama "suburb" ce, ko da tana manne da tsakiyar birni. A can fassararta "unguwa" ce kawai. Amurkawa kuma sun ƙara ƙirƙiro "exurb" a 1955, don wuraren da ke gaba da suburb, inda masu kuɗi ke sayen fili mai faɗi su riƙa doguwar tafiya zuwa aiki.

Tarkon fassarar fassara

Yawancin labaran duniya ta hannun Turanci suke iso mana, kuma wani lokaci Turancin ma fassara ce. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san kalmar Faransanci "banlieue". Asalinta yankin da ikon birni ke kaiwa, tazarar wajen kilomita 4 daga ganuwa. A Faransa masu kuɗi ba su gudu daga tsakiyar Paris ba. Ma'aikata da baƙin haure, da yawansu daga Aljeriya da Maroko da Mali da Senegal, su aka tara a dogayen benayen gwamnati a waje, bayan babbar hanyar da ta zagaye birnin, wadda aka kammala a 1973. Akwai banlieue na attajirai, irin su Neuilly, amma in aka ambaci kalmar a labarai, unguwannin marasa galihu ake nufi.

Da tarzoma ta ɓarke a Clichy-sous-Bois a Oktoban 2005 bayan mutuwar wasu samari biyu da ke gudun 'yan sanda, da kuma a Nanterre a Yunin 2023 bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi ɗan shekara 17, jaridun Turanci "Paris suburbs" suka rubuta. Ba'amurke ya karanta ya rasa gane me zai sa masu lambu da gareji su ƙona motoci. Mu kuma muka ɗauko muka ce bayan gari. An yi ɓatan kai sau biyu ke nan kafin labari ya iso kunne. Haka na Beirut: mutanen can Dahiya suke kiran wurin, kalmar Larabci mai nufin unguwar gefen birni, amma yau yanki ne mai cunkoso tsakanin tsakiyar birnin da filin jirgin sama. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin bam da ya faɗa a fili daban, wanda ya faɗa tsakiyar gidajen mutane daban.

Slum da ghetto ba sa nufin gefe

Kuskuren fassara waɗannan biyun da "bayan gari" ya fi ba ni takaici. "Slum" ba ta maganar inda wuri yake, halin da yake ciki take faɗa. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai tana duba abubuwa biyar: ruwa mai tsafta, makewayi, wadatar ɗaki, ƙarfin gini, da tabbacin cewa ba za a tashi mutum ba gaira ba dalili. Dharavi, shahararriyar "slum" ɗin Indiya, a tsakiyar birnin Mumbai take. Unguwar Makoko kuma duk wanda ya hau gadar Third Mainland a Legas yana hango ta a kan ruwa. "Shanty town" ita ce unguwar da aka gina da kwano da katako da leda. "Ghetto" kuwa sunan wata unguwa ce a Venice ta Italiya, inda aka tilasta wa Yahudawa zama tun 1516, ana kulle su da dare. Ma'anarta wurin da aka keɓe wasu mutane saboda jinsinsu ko addininsu, ko da yake samarinmu sun are ta suna kiran duk unguwar talakawa da ita.

Kalmar "slum" tana da haƙora. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe wata unguwar Legas mai suna Maroko, aka raba mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000 da muhallinsu, bisa hujjar cewa wurin bai dace da zaman ɗan Adam ba. Filin yau yana cikin mafi tsada a Najeriya. Zangunan Ghana ma sun san wannan tambari. Fatake da sauran baƙi daga arewa ne suka kafa su a gefen garuruwa irin su Kumasi da Accra, gari ya girma ya haɗiye su, yanzu da yawansu a tsakiya suke, amma sunan "slum" na bin su. Da gwamnatin Ghana ta kafa musu ma'aikata a 2017, sai ta haɗa "inner city" da zango a suna ɗaya.

Kalmomin masu mulki da masu tsara gari

"Hinterland" Jamusanci ce, ma'anarta ƙasar da ke baya. Ta shiga Turanci a lokacin da Turawa ke rabon Afirka, bayan taron Berlin na 1884 zuwa 1885, inda mai riƙe da gaɓar teku ke da'awar abin da ke bayanta. A idon wanda ya sauka daga jirgin ruwa, Kano da Sakkwato da Katsina duk "baya" ne, alhali su a lokacin gabansu Sahara suke kallo, ta can fatauci da ilimi ke zuwa.

"Green belt" fili ne da doka ta hana gini a kansa don kada birni ya yi ta mamaya. Landan ta samu dokarta a 1938. Har yau ana jayayya a Ingila: wasu na cewa shi ya tsare musu gonaki da iska, wasu na cewa shi ya sa matasa ba sa iya sayen gida. Yamai ma tana da irinsa, dashen itatuwa da aka fara a 1965, wanda gine-gine suka yi ta ci.

"Satellite town" gari ne da ke rayuwa da wani babban birni, kamar yadda wata ke zagaya duniya. "Peri-urban" kuma ita ce kalmar da ƙungiyoyin raya ƙasa ke so, ga wurin da bai gama zama birni ba, bai kuma ci gaba da zama ƙauye ba.

Inda abin ya shafi talaka a nan gida

Suburb irin ta Turawa ta zo mana ne da mulkin mallaka. Dokar garuruwa ta 1917, a zamanin Lugga, ta tanadi a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro. Waɗannan unguwanni su suka zama GRA, wato unguwannin da gwamnati ta keɓe, irin Nasarawa a Kano. Baƙi daga kudu aka ware musu Sabon Gari. Ka ga a wajen badala ɗaya an samu wurare iri-iri, kowanne da matsayinsa, kuma ba wanda zai kira Nasarawa GRA bayan gari yau.

Abuja ta maimaita labarin da sabon salo. Tun da gwamnati ta koma can a Disamban 1991, masu hali ne a Maitama da Asokoro, a tsakiya. Direba da masinja da malamin makaranta suna Kubwa, da Nyanya, da Karu, da Gwagwalada, wasu ma sun tsallaka Mararraba a jihar Nasarawa ko Suleja a jihar Neja. Ka tsaya a hanyar Mararraba zuwa Nyanya bayan sallar asuba ka gani: motoci sun yi cirko-cirko, mata da kulolin abinci a cinya, ma'aikaci na gyangyaɗi a jikin taga da takalminsa a leda don kada ƙura ta ɓata shi kafin ofis. Jarida za ta iya kiran wuraren nan "suburbs", amma sun fi kama da banlieue na Paris fiye da Levittown. Na Amurka zaɓa ya yi ya fita, namu kuɗin haya ne ya kore shi.

Sai maganar fili, wadda ta fi komai zafi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon ayyana inda yake "urban area". Filin da ke cikin wannan iyaka ofishin gwamna ke ba da takardarsa, wanda ke waje kuma ƙaramar hukuma. In gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Manomi a Kumbotso ko Ungogo, wanda kakanninsa ke kai itace birni a kan jaki su dawo da taki, yana iya wayar gari ya ji gonarsa ta shiga birni a takarda, alhali ko famfo bai iso ƙauyen ba. Tsoron haka ne ke sa da yawa su riga gwamnati, su kira dillali a yanka gonar a yi awon igiya, ba hanya mai faɗi, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta. Shekara goma sai a dawo a kira wurin "slum".

Masu sayar da filaye kuma sun gane daɗin kalmar. Ka ga allo a bakin hanya da hoton gida mai jan rufi da korayen ciyayi, an rubuta "serene suburb". Ka bi dillali ku sha kwana, sai ka tarar da fegi a tsakiyar gonar gyaɗa, turken wuta mafi kusa yana can nesa. Wurin "outskirts" ne tsantsa, an sayar maka da shi da farashin "suburb".

To yaya za a fassara?

Masu aikin fassara sun rabu. Wasu na ganin a labarin rediyo na minti ɗaya ba lokacin dogon bayani, "bayan gari" ko "wajen gari" ta wadatar tunda kowa ya gane. Wasu na ganin a bar kalmar Turancin yadda take, kamar yadda muka karɓi "bariki" da "layi" suka zama namu. Ina fahimtar uzurin na farko, amma ban yarda da shi ba in har kalmar za ta canza hoton da ke kan mai sauraro. Na biyun kuma yana barin dattijon da bai yi boko ba a duhu.

Abin da nake yi shi ne in tambayi kaina abu biyu kafin in rubuta: su wa ke zaune a wurin, kuma akwai fili tsakaninsa da birni ko babu? Na Kuje sai in ce "garin Kuje da ke wajen Abuja". Na Beirut, "unguwannin kudancin Beirut masu cunkoson jama'a". Na Paris, "unguwannin marasa galihu da ke kewaye da Paris". Na Amurka kuma, "matan unguwannin masu rufin asiri da ke kewayen manyan birane". Ya fi tsawo da kalma huɗu ko biyar, kuma a rediyo bai wuce daƙiƙa biyu ba.